Motar da Ba Ta Son Mutane

Maiguwa ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙa motar wani a Abijan. Da ya dawo garinsu Ɗan Tsauni da niyyar zama, cikin ranin 1982, duk wanda ya zo yi masa barka da zuwa sai da ya sha labari ɗaya: mota zai saya, tasa ta kansa, mai buɗaɗɗen baya, ya riƙa kwasar albasar kwari yana kai ta Madawa. Kowa ya ce Allah ya sa albarka. Iya, mahaifiyarsa, ita kaɗai ta ajiye tata maganar sai da ya je gaishe ta, masu rakiya suka watse.

Iya ba ta zaune cikin gari. Tun da mutane suka sauko kwari kusa da garakensu, ita ta ce ba inda za ta, tana nan tsohon gari bisa dutse inda aka binne mijinta. Ga shi ƙugu ya kama ta, ba ta iya zaman jaki, ba ta iya gangara da ƙafa. An sha cewa a ɗauko ta bisa gado, ta ce ba mai ɗaukar ta a ka sai ranar da ba ta da ta cewa. Ƙanwarta Lantana kuma tana can Bangi tana jinyar tsohon miji, rabon su da juna shekara goma sha tara.

"Lantana ta aiko," in ji Iya. Ba ta kama sunansa ba, don ɗan fari ne. "Idonta ka tahiya. Ta ce in ina son ta gane ni da ido, in zo bana. Kai, motar taka tana hawa dutsi?"

"Tana hawa, Iya," in ji Maiguwa, alhali ko motar bai gani ba tukuna.

A Madawa, bayan tasha, akwai garejin Mutari, makanike ne kuma dillalin motoci. Biyu ya nuna masa. Ta fari bashe ce, fara sumul da koren tanti, irin wadda manyan alhazai ke shiga, ƙafafunta na baya kaɗai ke ja. Ta biyun kat-kat ce da wani aikin haƙa rijiyoyi ya gama mora ya sayar, duk jikinta tabo, muryarta kamar injin niƙa. Amma kusa da babban sandan giya akwai wani ɗan gajere da ake kira karabo, in an ja shi duk ƙafafu huɗu sai su kama aiki.

"Ɗauki bashe ka huta," in ji Mutari. "Kayan gyaranta har a tebur ana saida su, mai kaɗan taka sha, kaya ko ta fi ɗauka. Waccan ko raƙumi ta, in tad duƙa bisa rijiya sai ka yi kuka."

Gaskiya Mutari ya faɗa, kuma zuciyar Maiguwa tuni ta tafi wajen farar. Ya riga ya hango kansa a ciki, gwiwar hannu bisa taga. Sai dai ya ce ko jaki ba a sayen sa sai an aza masa kaya. Suka shirya a kai kowace Ɗan Tsauni ta wuni guda, Mutari na gefe.

Kafin a shiga garin akwai ƙorama, faɗinta ya kai jifa biyu, da rani rairayi ne zalla mai laushi. Bashe ta shigo da gudunta, ta yi rabi, ta tsaya tana tona wa kanta rami. Kafin Maiguwa ya gama salati sai ga Isufu, taubashinsa, wanda shi ke kiran gayya a garin, yana gudu yana ihu kamar gobara ta tashi. Aka buga ganga. Maza talatin suka tuɓe riguna, wasu na tonon ƙasa da hannu, wasu na shimfiɗa kara, makaɗi na kiran sunan kowa da na ubansa. Da aka ce "hayya!" sai da motar ta kusa barin ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa, masu turi suka ɗare baya gaba ɗaya har tanti ya kumbura.

"Ku shaida!" in ji Isufu daga bisa. "Wanda duk yat tura, shi ad da mazauni ran kasuwar Buza!"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka zaga gari sau biyu ana kiɗa. Amma da suka je gindin dutse sai murnar Maiguwa ta koma ciki. Hanyar tsohon gari ƙunci gare ta, tsakuwa ce mai zamiya, dama da hagu rami, ba wurin da masu turi za su tsaya. Sau uku bashe ta yunƙura, sau uku ta dawo da baya. Ya ɗaga kai ya hango Iya zaune bakin danga tana kallon su.

Washegari aka zo da kat-kat. Tun hantsi mutane sun hallara bakin ƙorama, makaɗi ya ɗaure gangarsa, Isufu har ya sa an jiƙa gumba don masu aiki. Maiguwa kuwa, direban Abijan, ya ga ranar nuna gwaninta ta zo. Ya ja karabo, ya taka. Motar ta ratsa rairayin tana gurnani ko waiwaye babu, ta bar maza talatin tsaye da riguna a hannu. Bai tsaya ba sai ƙofar Iya. Tsohuwa ta miƙa hannu daga inda take zaune ta shafa ƙarfen mai zafi, ta ce, "To, wagga ta san gida."

Ya gangaro yana fara'a, ya tarar gari ya yi tsit. Wanda ya gaishe shi ma a taƙaice.

"Bawana, zo nan," in ji Isufu. Yau ba wasan taubasai a muryarsa. "Wagga mota ba ta son mutane. Ko sallama ba ta yi muna ba."

"Haba Isufu, mota ta hidda ku wahala, shi na laihi?"

"Wa yac ce maka wahala ta? Jiya kowa ya hau da guminai, ba wanda yar roƙe ka. In kas sai wagga, ran kasuwa sai mu jeru ƙohwar gidanka muna 'don Allah Maiguwa'? Ni da nig goya ka? Gara in bi jakina. Albasarmu ma jakkai sun saba da ita."

Maiguwa ya san mutanensa. Mutumin kwarin nan zai yi maka noman yini guda don tuwo da kiɗa, amma ya buɗe baki ya roƙe ka alfarma, ya fi son ya taka ƙaya har Buza. In ya sayi kat-kat, ya sayi mota babu kaya babu fasinja. In ya sayi bashe, Iya na nan bisa dutse har idon Lantana ya rufe. Abin ya dame shi ƙwarai, har furar rana ya kasa sha.

Matarsa Cima tana tsakar gida tana dunƙula gabu, ganyen albasa da aka daka, tana jerawa bisa tabarma ya bushe. Ya zayyana mata komai, ta gama sauraron sa ba ta ɗaga kai ba.

"Wanga ɗan gajeren sandan giya da kac ce," in ji ta, "shi ka jan kainai?"

"A'a. Ni ka ja nai."

"In ba ka ja ba hwa?"

"Sai ta koma awa bashe, ƙahwa biyu."

"To," in ji Cima, ta ci gaba da dunƙulawa.

Nan take Maiguwa ya gane inda ta dosa, ya jawo ƙwaryar fura ya shanye tas.

Kat-kat ya saya. Ranar da ya kawo ta, mutane ƙalilan ne bakin ƙorama, su ma don su harare ta suka zo. Ya shigo a hankali, hannunsa nesa da karabo. Motar ta yi taku kaɗan ta nutse har ciki, tana ta watsa rairayi banza. Ya fito ya dafe kai yana salati, kai ka ce gaske ne. Isufu ya zagaya ta sau ɗaya, ya harbi taya da ƙafa.

"Ashe ke ma kina da kunya! Rannan sa'a ta kic ci." Ya juya ya ƙwala kira. "Ina ganga?"

Mutari, da ya rako shi, ya buɗe baki zai ce a ja karabo. Maiguwa ya taka masa ƙafa da ƙarfi.

Ranar Laraba da sassafe ya ja karabo ya hau dutse ya juya motar, ƙofarta dab da ƙofar ɗakin Iya. Taku uku tsohuwa ta yi da sandarta, ya tallafe ta ta zauna bisa matasai biyu, da ƙullin gabu da tulun man shanu na tsaraba a gabanta. Suka gangaro lafiya lau. A gindin dutse ya mayar da karabo mazauninsa a ɓoye, suka shiga ƙorama suka kafe. Gari ya taso da ganga.

Iya ta dube shi ta wutsiyar ido. "Ƙugu ka min ciwo, ba ido ba. Na ga hannunka."

"Iya, a bar kaza cikin gashinta."

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta leƙa ta taga ta ɗaga murya: "Isuhu! Haka ubanka ka turi? Ku sa ƙarhi, ina da nisa!" Maza suka yi kururuwa suka ɗaga su waje.

Bayan Madawa hanyar Bangi ta yi yashi, babu kowa sai awaki, nan karabo ya yi aikinsa ba mai gani. Iya tana ta gyara ɗaurin kallabi, Maiguwa kuma yana tsoron kada su tarar an makara.

La'asar sakaliya suka isa. Lantana na zaune ƙofar gida, ta juya kunne wajen ƙarar mota. Aka saukar da Iya, aka zaunar da ita bisa tabarma guda da ƙanwarta. Ba wadda ta yi gaisuwa. Lantana ta kama fuskar yayarta da hannu biyu, ta juya ta wajen hasken rana, ta matso har hancinsu ya kusa haɗuwa. Ta daɗe tana dubawa.

"Yaya," in ji Lantana, "wa yac cinye miki haƙora?"

"Ja'ira! Wanda yac cinye naki."

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, suna riƙe da juna kamar za a ƙwace ɗaya. Daɗi ya cika Maiguwa har ya fi ƙarfinsa. Ya zagaya bayan mota ya durƙusa wai yana duba taya, ya daɗe a can yana share fuska da hannun riga.