Jirgin Watan Takwas

Malama Husaina ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗar Inna, ɗaya ƙarƙashin ƙugunta, ta ja numfashi, ta mirgina ta zuwa ɓarin hagu. Tsohuwar ta yi nishi. Fatar bayanta ta yi ja a wuri biyu, amma ba ta fashe ba. Husaina ta shafa mata man kaɗanya, ta gyara ledar da ke ƙarƙashin zani, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Bayan awa biyu za ta sake juya ta. Shekara shida ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyarta, shekara shida kuma da ta ajiye koyarwa ta dawo gidansu na Zage.

Tana wanke hannu ta ji sallama a soro. Ƙamshin turare ya riga masu shi shigowa. Ƙaninta ne, Alhaji Isyaku, mai rumfunan takalma a Ƙofar Wambai, da matarsa Hajiya Luba, wadda ke tattare gefen leshinta saboda kwatar lungu.

“Yaya, wannan lungun naku kullum ƙara matsewa yake,” in ji Isyaku. “Sai can bakin titi muka bar mota.”

“Lungun yana nan yadda ka bar shi. Kai ne ka ƙara faɗi.”

Ya yi dariya. Suka leƙa ɗakin Inna daga bakin ƙofa, suka ce ai barci take, kada a tashe ta. Husaina ta shimfiɗa musu tabarma a rumfa. Ta ɗauka maganar alƙawari ce ta kawo su.

'Yarta ɗaya tilo, Sa'adiyya, tana aure a Bauchi. Sau biyu tana ɓari, wannan cikin na uku ne ya zauna. Likita ya hana ta hawa mota, ya kuma sa ranar sha biyu ga watan takwas za a yi mata tiyata a ciro jaririn. Ba ta da suruka a raye, ba ta da kowa a garin sai miji. Da ƙaramar salla Isyaku ya dafa ƙirji a gaban dangi ya ce zai ɗauki Inna zuwa gidansa na Nassarawa mako uku, Yaya ta je ta zauna da 'yarta.

Amma abin da ya fito daga jakar Luba wasu littattafai ne guda biyu masu ƙyalli, kowanne da hoton farin jirgin ruwa mai hawa-hawa kamar an ɗora unguwa a kan teku.

“Hutu za mu je, Yaya,” in ji Luba. “Irin wanda ake kwana a cikin jirgi, yau ki farka a wannan ƙasa, gobe a waccan. Matan abokan Alhaji duk sun je, ni kaɗai ce idan ana hira sai dai in gyaɗa kai.”

“Kamfani biyu ne,” Isyaku ya karɓe. “Mai shuɗin tambari da mai ja. Yaron ofishin tafiye-tafiyen bakinsa zaƙi, ban yarda da shi ba. Ke ce mai Turancin gidan nan. Karanta mana tsakani da Allah.”

Tun yana saurayi ita ke karanta masa takardu. Aji uku ya bar makaranta ya bi kasuwa, kasuwar kuma ta karɓe shi. Husaina ta ɗauko tabarau, ta fara da mai jan tambari. Kwana goma sha biyu. Ɗaki mai baranda da ke kallon ruwa. Wuraren cin abinci bakwai. Tashi ranar ashirin ga watan goma.

Ta buɗe mai shuɗin. Kwana goma sha huɗu. Kowane ɗaki da ma'aikacinsa da za a danna ƙararrawa ya zo, ko da ruwa ne ake son a miƙo. Sai idonta ya sauka a kan ranar tashi.

“Tara ga watan takwas,” ta ce a hankali.

“Shi ne lokacin da teku ya fi kwanciya, wai,” in ji Luba. “Kalli gadon nan, don Allah.”

“Ni duk ba wannan ba,” in ji Isyaku. “Abinci. Ba zan je tsakiyar ruwa a ba ni abin da ban san wanda ya yanka ba. Wanda ke da abincin halal da wurin salla, shi za mu hau. Duba mana.”

Ta duba mai ja daga farko har ƙarshe. Babu ko kalma a kan haka. Ta koma mai shuɗi. A shafi na ƙarshe, cikin ƙananan rubutu da sai ta kusanto da takardar, ga shi nan: akwai kicin na halal ga wanda ya nema tun kafin tafiya, akwai kuma ɗakin ibada a hawa na shida.

Layi biyu ne kawai. Isyaku ba zai iya karanta su ba, Luba kuwa hotuna take kallo. In ta ce duka biyun babu, zai ce to a bi na watan goma, tunda ya riga ya yi alƙawari. Ta tuna muryar Sa'adiyya a waya jiya: “Umma, ina jin tsoro.” Ta ɗora yatsa a kan layukan, ta rufe su. Shekara ashirin da huɗu tana tsayawa a kan yara tana cewa kada a tsallake layi, a karanta abin da ke rubuce. Kuma mutumin nan cewa ya yi tsakani da Allah.

Ta ɗauke yatsan, ta karanta musu, ta fassara.

“Alhamdu lillahi,” in ji Isyaku. “Magana ta ƙare. Mai shuɗi.”

“Isyaku, ranar sha biyu za a yi wa Sa'adiyya aiki.”

Ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. “Wallahi yana raina, Yaya. To amma kin faɗa da bakinki, wancan ba shi da halal. Addini ne fa.”

“Ku bari sai baɗi.”

“Baɗi wa ya san mai rai?” in ji Luba, tana mayar da littattafan jaka. “Kuma gaskiya, Yaya, ko muna nan, gidanmu duk tayil ne mai santsi da bene. Inna ba za ta sake ba.”

“Inna ba tafiya take ba, Luba. Tayil ba zai kayar da ita ba.”

“Zan sa a samo nas,” Isyaku ya yi saurin cewa. “Ƙwararriya.”

“Ka samo bara. Kwana biyu Inna ta datse baki ba ta ci ba. Ba ta karɓar cokali sai daga hannun wanda ta haifa. Mu biyu ta haifa da suka rage.”

Ya sassauta murya irin yadda yake yi wa mai ciniki. “Yaya, ke fa Allah ya zaɓa. Duk ladan gidan nan ke kike kwashewa. Mu da muke waje har kishi muke.”

“Ladan ya yi mini yawa. Zo ka ɗebi na mako uku.”

Ya yi dariya kamar wasa ta yi, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

Kafin su fita ya shiga ɗakin, ya tsuguna nesa da gadon kaɗan. Inna ta buɗe ido, fuskarta ta washe ta ɓarin da ke motsi.

“Isiya? Kai ne?”

“Ni ne, Inna. Tafiya zan yi, a sa mana albarka.”

“Allah ya yi maka albarka. Allah ya kai ka ya dawo da kai. Yaron kirki, ba ya mantawa da ni.” Ta juya ido wajen ƙofa. “Usaina, ba ki ba shi ko ruwa ba?”

* * *

Bayan azahar ta kira Bauchi. Sa'adiyya ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

“Ba komai, Umma,” ta ce. “Akwai wata maƙwabciyarmu, tana da kirki. Sai dai ita ma haihuwarta ɗaya.”

“Zan rubuto mata komai. Ki ce ta bi shi daki-daki.”

“Umma, in an shiga da ni ɗakin, wa zai tsaya a ƙofa?”

“Mijinki zai tsaya. Ni kuma ina nan a kan sallaya.”

Suna cikin haka katin wayar ya yi gargaɗin ƙarewa.

Ta nemo tsohon littafin shirya darasi, ta yage shafi daga tsakiya, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna. Ta ja layi a gefe da kyau, ta sa lamba.

Na ɗaya, kada ruwan zafi ya taɓa wurin ɗinki sai likita ya ce. Na biyu, kunun kanwa da ɗumi, kanwar kaɗan, ba ta son mai kauri. Na uku, in ta ce ba ta jin yunwa, ba gaskiya ba ne, haka take tun tana yarinya, a zauna kusa da ita har ta ci.

Ta rubuta lamba huɗu, ta tsaya tana tunanin yadda ake bayyana wa baƙuwa a takarda irin riƙon da ake yi wa kan jariri a wankan farko.

“Usaina,” Inna ta kira daga ciki. “Gefen nan ya gaji.”

Ta ajiye biron a kan takardar, ta dafa bango ta miƙe.