Buhunan da Malam Falalu Bai Karɓi Kuɗinsu Ba

"Baba, buhu ɗari tara da sittin na gani a littafinka," in ji Yasir akanta ga Malam Falalu, yana latsa kalkuleta. "Kuɗin da ka ce sun shigo kuwa na buhu ɗari shida ne. Ina na sauran?"

Nagode, maƙwabciyar Malam Falalu, tana tsugune gefe tana shanya shinkafar da ta turara, amma kunnenta na wurinsu. Sati uku ke nan da masu haraji suka garƙame masa injin casar shinkafa da kwaɗo. Sun yanka masa kuɗin da ko injin ya sayar da ƙyar ya biya. Shi ne jama'a suka ce ya ɗauko akanta daga Gusau ya tsara masa takardun ƙorafi, ko a rage. Sai da Malam ya sayar da babur ɗinsa kafin ya haɗa rabin kuɗin aikin.

Malam Falalu ya gyara zama a benci. "Sauran ba a biya ba."

"Bashi ne?"

"A'a."

"To kyauta ce ke nan. Ka nuna mini sunayensu, kowa ya zo ya dangwala yatsa cewa bai biya ba. In babu shaida, ofis kuɗi za su ɗauke shi, ni ma dole haka zan rubuta."

Nagode ta dakata da shanyar, don tana cikinsu. Tun da 'yan bindiga suka koro su daga Gidan Goga shekara huɗu da suka wuce, ba ta taɓa biyan ko sisi na casa ba. Ita da sauran matan gudun hijira sukan bi layi kamar kowa. In an zo kanta sai ta miƙa hannu a dunƙule, babu komai ciki, shi kuma ya karɓa ya zura aljihu, ya rubuta sunanta da buhunta ba tare da wata alama ba. Wani lokaci har cewa yake, "Tsaya ga canjinki." Ko mai bin bayanta a layi bai taɓa ganewa ba.

"Yaro," in ji Malam Falalu, "ba ni jera matan mutane gaban gwamnati su hwaɗi ba su da ko kwabo. Rubuta abin da kag gani."

Yasir ya rubuta abin da ya gani. Me ya dame shi? Aikinsa ya yi, takardunsa fes, har da hatimi.

Da la'asar Nagode ta tare Malam a ƙofar gida. "Malam, bari in dangwala. Wace kunya tar rage muna?"

"Ke kin yarda. Waɗanda surukansu ke ganin da guminsu suka ci fa? Kada in ji kin tara min kowa."

Ta bi maganarsa. Wannan biyayya ita ke cin ranta har yau, kuma ba ta ɓoye cewa haushinsa take ji, haushin kanta ya fi.

Kwana goma Malam Falalu yana zuwa ya zauna gaban injin a rufe, yana amsa gaisuwa kamar lafiya lau. Matarsa Kubura ta ce ya daina shan maganin hawan jini, wai ya ƙare, zai saya. Ranar Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci, ya miƙe zai yi alwalar azahar, ya sulale jikin ƙofar. Kafin a samo mai keke napep rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku Yasir ya zo ta'aziyya. Yana fitowa daga zaure ya iske mata ashirin da uku tsaye a rana, Nagode a gaba.

"Mu ne ba mu biya ba," ta ce. "Kawo tawadarka."

Ya buɗe jaka, ya shimfiɗa takarda a kan sirdin wani babur. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗi sunansu da ƙarfi, suka dangwala, masu zaman makoki na kallo, har da mazan wasu da surukansu. Sai da ta ƙarshe ta gama sannan ya duba wayarsa.

"Inna, wa'adin ƙorafi fa ya cika tun shekaranjiya. Zan kai dai, amma kada ku sa rai."

"Shi ne ba ka hwaɗi ba tun farko?" in ji Nagode.

"Ba ku tambaya ba, Inna."

Kafin ya tafi ya miƙa wa ƙanin mamaci takardar cikon kuɗin aikinsa, cikin ladabi, yana Allah ya jiƙan Baba. A nan Nagode ta ji ƙanin yana cewa wani mutumin Bakura ya riga ya taya injin, a biya haraji da akanta a huta.

Matan suka watse ba mai kallon wata, kowace hannunta cikin hijabi. Nagode ta shiga gida, ta jawo tsohon turmi daga bayan ɗaki, ta kakkaɓe shi, ta zuba shinkafa. Ta daɗe tana daka ita kaɗai, shuɗin tawada na bin gumin hannunta yana shafar taɓarya.