Dangwalen Dogo

"Ba nan ba, Rabi'atu. Duba ƙasa, gefen hagu."

Baba Gwadabe ne ke magana daga kwance, a ɗakinsa da ke jikin katangarmu a Dala. Matarsa Kulu tana yi masa fifita. A hannuna akwai takardar kuɗin Japan da ya taho da ita daga yaƙin Bama, shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta yi laushi kamar tsumma. Abokan yaƙinsa duk sun sa hannu a jikinta, wasu da boko, wasu da ajami.

"Saje Mamman Zariya," na karanta. "Sabo mai ɗaukar kaya. Shehu Gombe."

"Duk na san waɗannan. Dogo nake nema."

Kulu ta taɓe baki. "To 'yar boko, yau ga ranar karatun naki."

Ita ce ta taɓa cewa a gidan suna wai yarinyar da ta koyi rubutun Nasara ta gama lalacewa. Shekara bakwai ina wucewa ta lungun nan da littattafaina a ka, ana zunɗe na, ban taɓa sunkuyar da kai ba.

Baba ya yi tari mai tsawo, sannan ya zaro wani zoben azurfa daga ƙarƙashin matashi. Ya ce Dogo ne ya goya shi wuni guda a cikin daji sa'ad da harsashi ya same shi a cinya. Bayan wata biyu aka harbi Dogon, ya faɗi a bakin wani kogi. Ya miƙa masa zoben ya ce ya kai wa uwarsa, kafin ya faɗi sunanta rai ya yi halinsa.

"Ya ce mana shi mutumin Bauchi ne. Sau biyu ina zuwa can. Wa zan ce ina nema? Dogo? Kowane gari da Dogonsa."

Na kai takardar bakin ƙofa inda haske yake. A gefen hagu babu suna. Dangwalen babban yatsa ne kawai, tawadar ta koɗe.

"Baba, bai rubuta ba. Dangwalawa ya yi."

Ya juya fuska bango. Kulu ta daina fifita.

Ban miƙa takardar ba. Na ƙura mata ido har na ga wasu ƙananan alƙaluma a ƙarƙashin dangwalen, da fensir. Lambar soja ce, wani mai karatu ya rubuta masa. Ranar nan na rubuta wasiƙa da Turanci zuwa ofishin tsofaffin sojoji a Kaduna, na kai gidan waya da ƙafata. Yayana ya ce wace budurwa ce ke rubuta wa barikin soja takarda? Na ce ni ce.

Kullum da hantsi Baba zai tambaya, "An amsa?"

"Tukuna, Baba."

Daga baya ya daina iya magana, sai dai ya ɗaga gira in na shigo, ni kuma in girgiza kai. Ya rasu ran wata Talata bayan la'asar, zoben na cikin tafinsa. Kulu ce ta ɓamɓare yatsun ta kawo mini har gida.

"Riƙe, Rabi," ta ce. "Ke kaɗai ya yarda da ke."

Amsa ta zo bayan sadakar bakwai da kwana biyu. Sunansa Salihu. Magajiyarsa uwarsa ce, Turai, unguwar Madabo, birnin Kano. Madabo, inda Baba ke ratsawa kusan kullum in za shi kasuwa.

Ni da Kulu muka je, duk da tana cikin takaba. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, muka same ta a tsakar gida tana kaɗi. Ta ce Salihu gudu ya yi ya shiga soja, ya ɓoye garinsu don kada labari ya kai ga ubansa. Na ba ta zoben, ta juya shi sau ɗaya ta ce nata ne, na aurenta.

"Wannan takardar fa?" ta tambaya, da ta ga kuɗin Japan ɗin a hannuna.

"Hannunsa ne a nan, Iya."

Ta ajiye mazarin, ta goge hannunta a zane. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan dangwalen a hankali. Nasa ya fi nata faɗi, tawadar ta leƙo ta kowane gefe.