Ƙofofi a Bayan Hannun Hure

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko? To ku matso, wannan a hankali ake faɗinta.

…kuma ci suke yi. Hure tana jin su. Rana tsaka, kowa yana gona, daga ita sai buhun wake a gindin rumbu, cikinsa ƙus-ƙus-ƙus kamar masu gulma. Ƙwari. Buhun nan shi kaɗai ya rage wa jikokinta, a shekarar da maƙwabci ke rufe ƙofa kafin ya ɗora tukunya. In suka cinye fa?

Ta zazzage shi a tabarma. Ga ƙullin garin kashe ƙwari daga kasuwar Makoda. A barbaɗa, a cuɗa da hannu, haka take yi kowace kaka…

Hannu. Wane hannun?

Na dama a naɗe yake tun jiya. Tabon man gyaɗa, tun ranar da kaskon ƙuli-ƙuli ya kife mata — ya yi kauri, ya janye yatsu, duk man da ta shafa a sama yake tsayawa. Shi ne 'yarta Asiya ta kai ta asibitin birni. Ɗaki mai sanyi kamar cikin rijiya. An sa mata baƙin tabarau, ita Hure, da tabarau! Asiya tana ƙyaƙyatawa: "Inna, saura babur." Sai ƙyas-ƙyas-ƙyas. Leza, wai. Haske ne, wai. Hasken da ke huda mutum ba aska, har ta ji ƙaurin fatarta…

"Ƙananan ƙofofi muka buɗe, Inna," in ji likitar. "Ido ba ya ganinsu. Ta nan maganin zai shiga ciki. Kada komai ya taɓa wurin sai sun rufe."

Ɗanliti wanzami ma yakan yi tsaga ya goga magani, amma nasa da jini, kana kallon ciwo yana fita. Wannan ba abin da ya fita. Ƙofofi kawai, a buɗe. Wa ke tsaronsu?

Ƙus-ƙus-ƙus.

Da hagu? Abin da yara za su kai baki ta sa masa hagu? Da uwarta ta tsinke ta da mari daga kabari. Asiya kuma sai la'asar, in ma ta dawo, a bar aikin sai gobe za ta ce. Gobe! Su waɗannan sun san gobe? Ai tafin hannu ne zai yi aikin, tabon a baya yake… bandejin ne kada ya ɓaci, gara ta kwance, ta mayar kafin a gani.

Bismillahi. Ta kwance, ta barbaɗa garin, ta nutsa hannun har wuyansa. Waken da sanyi. Juya, juya — farin garin yana kwanciya a kan tabon, yana manne wa maiƙon maganin asibiti. Ba zafi. Ka ga? Ba komai. Likitoci da tsoratarwa.

Ƙwarin sun yi shiru. Alhamdu lillahi, sun yi…

Wannan ɗacin a bakinta fa? Ba ta lasa ba, wallahi ba ta lasa ba. Yawu yana taruwa, ta tofar, ya sake taruwa. Gumi, alhali a inuwa take. Naman damtsenta yana rawa shi kaɗai, kamar wani ne a ciki yake ƙwanƙwasawa.

Hadari ne? Ta ɗaga kai: rana tana nan inda take, fara fat, amma tsakar gidan yana duhu daga gefe-gefe. Rumbun ya yi nisa. Randa ta yi nisa — wa ya matsar da randar? Ruwa, ta wanke… a wanke me? Ta duba bayan hannun. Garin da ta gani ɗazu ya jiƙe, ya lafe, rabinsa babu. Bai zube ƙasa ba.

Ya shiga.

Asiya… harshen ya ƙi ɗaguwa. Bari dai ta mayar da waken buhu tukuna. Bari ta ɗan jingina, kaɗan kawai, har hasken ya dawo…

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Iyakar abin da na jiyo ke nan, ban tsaya har la'asar ba.