Ranar da Mama Ta Ɗauki Jikanta

Auta ba ta ko gama zangon farko a makarantar koyon gashin ƙashi ba, ta naɗa kanta likitar gida. Mama na fama da ciwon baya, sai Auta ta kafa doka: ba sunkuyo, ba shara, ko buta kada ta ɗaga. Da matar Yaya ta haihu, dokar ta hau kan jariri ma. Jikan fari guda, amma sai dai a nuna wa Mama shi kamar kayan kanti, ta shafa kansa ta kau da fuska. Abin yana ci mata rai, kowa ya gani ban da likita.

Ran nan wata sabuwar malama ta shigo aji, ta yar da makullanta da gangan, ta sunkuya ta ɗauke su, ta ce ita ma bayanta ya daɗe yana ciwo.

"Ba kowane ciwo ke nufin wani abu ya lalace ba," in ji ta. "In an duba ba a ga haɗari ba, motsi baya yake so, a hankali a hankali. Tsoro ƙara masa ciwo yake yi."

Auta ta yi sororo. Ai an duba Mama a asibiti, ba a ga komai ba! Kunya ta kama ta, sai kuma murna ta taso ta danne kunyar. A mota sai murmushi take ita kaɗai, har na kusa da ita ya matsa gefe.

Ta faɗa falo ko sallamar kirki babu, jaka na reto a wuya, ta sure jaririn daga cinyar uwarsa.

"Mama, karɓi!"

"Ke, lafiyarki kuwa? Ina doka?"

"An soke ta! Yau ɗin nan aka soke!"

Yaya ya tuntsire da dariya. "Wato da can ba a kai ku shafin ba ke nan?"

Mama ba ta saurare su ba. Ta miƙe a hankali, ta karɓi yaron, ta ɗora shi a kafaɗa. Ta taka zuwa taga, ta dawo, ta sake komawa, tana dariya hawaye na zuba.

"Mama, ciwon fa?" Auta ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yana nan," in ji Mama. "Ki ce masa ya jira, hannuna a cike yake."