Sauran Kwalba

Shekara talatin da ɗaya maigidana ya yi yana yi wa karnukan garinmu allura, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi da sunan da aka raɗa masa ba. Mai Allura ake ce masa, har yaran da ba su gama iya magana ba. Ni kuwa Malam nake ce masa in muna shiri, in ba ma shiri in ce masa kai.

Babban aikin sau ɗaya ne a shekara, mako biyu a farkon zafi. Motar hukuma za ta zaga unguwanni da lasifika tana maimaita dokar da kowa ya riga ya haddace. Duk mai kare ya kai shi rigakafin ciwon hauka, a rataya masa lambar bana a wuya. Karen da mahaukacin kare ya ciza, in yana da lambar bana, sai a ƙara masa allura a ɗaure shi a gida ana zuba masa ido. In babu lamba a kashe shi, ko karen wane ne.

Yanzu da na tsufa na gane makon nan biyu su suka fi mini daɗi a shekara, amma a lokacin mita nake yi daga safe har yamma. Kwalaben magani za su cinye mini firji, in rasa inda zan sa ruwan sha. Da sassafe ya ɗaure kular ƙanƙara a bayan keke, ya saka kakin da na sa wa sitaci, gwangwanin lambobi yana kacau-kacau a jakarsa. Teburinsa a ƙarƙashin bishiyar filin makaranta yake. Can za ka ga karnukan masu gadi, da na mafarauta masu ciki a lafe, da ƙaton karen mahauci, da wani farin kare na shugabar makaranta wanda ake yi wa wanka da sabulun da ya fi nawa tsada. Malam ya san kowanne da halinsa, ya san wanda za a rufe wa ido da wanda sai an danne. In ya dawo, a bakin ƙofa nake tare shi da bokiti, don kayan nan ba za su shigar mini ɗaki ba.

Kwalba ɗaya ta kare goma ce, kuma in an buɗe ta ba ta kwana. Abin da ya rage da yamma zubarwa ake yi. Malam kuwa mutum ne da ke manna guntun sabulu a jikin sabo, ya matse man goge baki har bututun ya nemi gafara. Zubar da magani ciwo yake masa. Saboda haka karenmu bai taɓa bin layi ba. Duk ranar da aka tashi da saura a kwalba, sai Malam ya kawo shi gida cikin ƙanƙara, ya tsuguna a tsakar gida ya yi masa, ya canza masa lamba. Ɗan gida ne, in ji shi, sauran kwalba ya ishe shi.

Guntu sunan karen, don mota ta yanke masa wutsiya tun yana ƙarami. A kwali Malam ya kawo shi, ni kuma na rantse sai dai a zaɓa, ko ni ko shi. Babu wanda aka zaɓa. Kafin shekara ta zagayo ni ce mai kankare masa ƙanzon tukunya, shi kuma ya raka ni famfo ya zauna yana gadin jarkokina. Bai taɓa ƙetare dokin ƙofar ɗaki ba, kuma ban taɓa sa masa hannu ba. Da ƙafa nake ture shi in ya tare mini hanya, a haka muka yi shekara biyar muna ganin mutuncin juna.

A shekara ta shida ne lissafi ya ƙi. Yau kare arba'in cif, gobe talatin cif. Ranar da aka samu saura ɗaya, sai ga wani tsohon mai gadi ya biyo Malam har gida yana haki, yana jan karensa da igiya. Malam ya yi masa. Haka aka yi ta yi har kwalabe suka ƙare. Ya ce mini nan da mako uku za a kawo na ƙauyuka, a ciki zai samar wa Guntu. Ni da nake tanka kowace magana tasa, ranar na ce to, na ci gaba da tankaɗe.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, ina wanki a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Autarmu, mai shekara huɗu, tana zaune a bakin ƙofar tana jera marafan kwalba. Na ji ihu daga farkon layi, kafin in miƙe sai ga wani baƙon kare ya shigo yana tafiya a karkace, yawu yana zuba har ƙirjinsa. Ya ciji ƙarfen ƙofa, sannan ya juya wajen yarinyar. Ban ga fitowar Guntu daga ƙarƙashin tankin ruwa ba, ƙarar haɗuwarsu kawai na ji. Na suri Auta na faɗa ɗaki. Da na leƙo, baƙon ya fice, maza sun bi shi da sanduna, a ƙarshen layi suka gama da shi. Guntu yana tsaye, kunne a yage, kafaɗa tana jini, yana kaɗa mini ɗan guntun nan nasa.

Maƙwabta suka cika gidan ana ta barka. Matar tela ta ce Allah ya rufa asiri da karen Mai Allura ne, wanda ya fi mu duka shan allura. Aka yi dariya. Babu wanda ya duba wuyansa, inda lambar bara take, ruwan ɗorawa. Ta bana ja ce.

Suna fita na rufe ƙofa da sakata. Na san inda gwangwanin yake, na san inda filaya take. Na cire lambar bara na rataya ja, na wanke masa ciwon da tsumma a kan sanda, na ɗaure shi a jikin tanki.

Malam yana mayanka yana duba nama labari ya same shi. Ya jefar da keke a ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Auta ya fara dubawa, yatsa bayan yatsa, har bayan kunne. Sannan ya tsuguna gaban Guntu. Ya ɗaga lambar, ya juya ta, ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba.

Ban jira ya buɗe baki ba na hau shi da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce allurar shekara biyar tana jikin karen nan, ba za ta tsiyaye a wata ɗaya ba. Na ce duk garin babu mai tambayarsa. Na ce ba don Guntu ba da yanzu zaman makoki muke yi. Daga ƙarshe na faɗi wadda na san za ta soke shi, na ce maƙonsa ne ya jawo, da ya buɗe kwalba ɗaya ya zubar da tara da ba mu zo nan ba.

Bai musa ko ɗaya ba. Ya ce wataƙila ta bara tana aiki, wataƙila ba ta yi, kuma doka ba ta san wataƙila ba. Ya ce ciwon yana iya fitowa a mako biyu, yana iya ɓuya wata shida, babu mai sanin ranar. Ya ce bara da hannunsa ya kashe karen wata gwauruwa da ta makara da kwana ashirin, tana riƙe masa riga tana kuka. Na ce ni ban san wata gwauruwa ba, karena na sani.

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ba zan cire ta ba," ya ce. "Ke kika rataya. In kin yarda da ita, ki bar ta."

Ya shige ɗaki. Na ɗauka na yi nasara. Na shanya wankina, na ɗora tukunya, har da 'yar waƙa a bakina don ya ji.

Bayan la'asar Auta ta tashi daga barci, na ba ta burodi. Ta gutsuri rabi, ta nufi tanki tana miƙa hannu, kamar yadda take yi kullum tun da ta iya tafiya. Ban san lokacin da na yar da ludayi ba. Na fizgo ta da ƙarfin da sai da yatsuna suka kwanta a damtsenta, burodin ya faɗi, ta tsala kuka. Guntu ya ja da baya ya zauna, yana kallona, jar lambar tana lilo a wuyansa.

Na tsaya riƙe da yarinyar. Gobe ma haka zan yi, da jibi, har wata shida, in ina bayi ko ina kasuwa kuma babu mai fizge ta. Ga yaran matar tela da ke shigowa wasa kullum, uwarsu ta ga jar lamba hankalinta ya kwanta. Ni da na rataya ta ban yarda da ita ba ko na taku uku.

Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki. Da ya ce uffan, wallahi da na bar lambar don taurin kai, ya kuwa san ni. Na miƙa masa Auta, na ɗauko filaya na cire lambar.

Ya kai yarinyar gidan tela, ya wuce ofis, ya dawo da wata ƙaramar kwalba da ban taɓa gani a firjina ba. Ya ce in na fi so zai kai shi can, ba sai na gani ba.

"A gidansa za a yi," na ce. "Akwai zafi?"

"Barci ne kawai."

Ina kewar Malam, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma cikin duk ranakun da muka yi tare wannan yammacin ne ya fi zo mini. Na shimfiɗa tsohon zani a inuwar tanki na zauna, na jawo kan Guntu na ɗora a cinyata. Ranar na fara sanin gashin bayan kunnensa laushi gare shi. Malam ya tsuguna ya kama ƙafar gaba. Mutumin da ke samun jijiyar kare ido rufe ya soka ya kuskure, ya sake ya kuskure, ya goge fuska da hannun kakinsa, sai a na uku ya samu. Duk sau ukun Guntu bai janye ƙafar ba.