Kututture Uku

Alcide Savoie ya ɗora ƙafar dama a kan fedar da ke ƙasan kantar shago, ya danna da yatsu, ya danna da diddige. Kan injin da aka kafa a jikin katako ya juya hagu, ya juya dama, kamar kan mujiya. Sai dai duk wannan juyi da ido ya gan shi. Ƙafar ba ta gaya masa komai ba. Tun sanyin bara ciwon suga ya cinye jin da ke cikinta, ta koma kamar ta aro, kuma ban da likita babu wanda ya faɗa wa.

Injin goshin jirgin ruwansa ya ƙone ranar Talata, ga gasar kamun kifi ta ƙungiyarsu ranar Asabar. Wannan ɗan injin batir ba don gudu ake ɗaura shi ba, shi ke lallaɓa jirgi tsakanin itatuwa ba tare da kifi ya ji ba. Iri biyu ne a shagon Earline: mai feda, wanda ke bar wa mutum hannu biyu ya riƙe sandar fatsa, da mai mariƙi, wanda sai an riƙa sakin sanda ana tuƙi.

Earline ta sauke tabaranta ta dube shi. Ta daɗe tana sayar da ƙugiya, ta san mai kallon ƙasa.

"Alcide, zo ka taɓa wannan na hannun," ta ce a hankali. "Ba waya, ba feda, ba ya cin wuri. Inda ka murɗa nan zai je. Mijina da shi ya ƙarasa."

Alcide ya kama mariƙin. Roba ce mai sanyi, mai tsaga-tsaga, ya ji kowace tsaga a tafinsa. Rabon da ya ji abu sarai haka a wajen tuƙi har ya manta. Ya murɗa, ya sake murɗawa.

Daga bencin masu shan kofi, Nolton mai gyaran taya ya yi dariya har kofi ya zubo masa a gemu.

"Jama'a ku zo ku gani! Alcide zai koma tuƙin tuwo. Earline, ki haɗa masa da lema da matashin kai."

"Rufe mana baki, Nolton," in ji Earline. "Kai da ko a baho ba ka iya tuƙi ba."

Wilfred, ƙanen Alcide, yana jingine da firij yana matso boudin, naman nan da shinkafa da ake ɗurawa a hanji, da zafinsa daga fatarsa zuwa baki. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zama a bayan jirgin yayansa. Kunnensa na hagu a tsage yake gida biyu, kamar kofaton akuya, tun ranar da Alcide ya waina fatsa bai duba baya ba. Ya lashe yatsa, ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

"Ku daina ɓata bakinku. Yayana wasa yake. Mutumin da ƙafarsa ke da ido? Na sha ganinsa ya ratsa da jirgi ta inda kada ma sai ya karkace, yana kunna taba, bai ko kalli ƙasa ba. Ranar da Yaya ya kama mariƙi, ranar ku ce an gama. Ko ba haka ba, Yaya?"

Duk shago aka juyo ana jiran amsa. Alcide ya ji hannunsa ya saki robar da kansa.

"Ɗauko mai fedar," ya ce.

Earline ta dubi Wilfred, ta je ta ɗauko.

Kafin azahar sun ɗaura shi, sun sauke jirgi a ruwa a garin Henderson don gwaji. Babban inji ya kai su cikin fadamar Atchafalaya, Alcide ya kashe shi, ya hau goshi, ya saki sabon injin cikin ruwa. Ruwan baƙi ne kamar shayi. Gansakuka na reto a rassa, wani zalɓe yana tsaye a kan tsohon firij da ambaliya ta kawo ta saƙale shi a cikin reshe, ƙofarsa a buɗe. Alcide ya daɗe yana son ya leƙa cikin firij ɗin nan, bai taɓa samun lokaci ba.

A gidan Savoie goshin jirgi ba a gadonsa, ƙwace shi ake yi. Mai goshi shi ke fara jefa fatsa a kowane gindin itace, na baya sai abin da aka rage masa. Dokar kuwa ɗaya ce tun zamanin kakansu: wanda ya buga kututture uku a fita ɗaya, ya sauka ya koma baya, ba dawowa. Da wannan doka Alcide ya sauke ubansu lokacin da idon tsohon ya fara hazo. Shi ya ƙirga da bakinsa, da ƙarfi, Wilfred yana zaune a tsakiya yana ji.

Da farko abin ya tafi daidai. Alcide yana satar kallon ƙafa, ya ɗago, ya jefa, ya sake satar kallo. Amma fatsa ba ta son mai raba hankali biyu. Wani kifi ya bugi zaren Alcide yana kallon ƙasa, kafin ya fizga kifin ya tafi. Ya yi ƙwafa, ya ce a ransa ba zai ƙara dubawa ba. Ya kafa ido a gindin wani itace, ya danna abin da yake zaton diddige ne.

Jirgin ya bugi kututture, gam.

"Ɗaya," in ji Wilfred, kamar mai gaya wa wani ƙarfe nawa.

"Sabuwar waya ce, tana da tauri."

"Haka ne, Yaya. Sabon abu sai a hankali."

Alcide ya canja ƙugiya don ya sami abin yi da hannunsa. Ya kwance kifin roba mai launin azurfa, mai ƙugiya uku-uku gaba da baya, ya ajiye a gefen akwati, ya ɗaura tsutsar roba. Suka shiga wani lungu da kainuwa ta rufe. Nan kututturen suke a ƙarƙashi, sai wanda ya san su. Alcide ya san su duka, har suna ya raɗa wa wasu. Ya ga wanda yake kira Limami yana tahowa, ya ce wa ƙafarsa ta kauce. Ƙafar ta zame daga kan feda, bai sani ba, tana ta danna dandamali, har jirgin ya hau Limami.

"Biyu."

Gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula. Likita ya ja masa kunne kada ya kuskura ya taka ko tsakar ɗaki ba takalmi. Amma ya tuna yana yaro, ƙafa tsirara, yana jin ko ƙwayar yashi a cikin jirgi. Wataƙila takalmin ne ya yi kauri. Ya sunkuya ya kwance igiya, ya cire, ya tsaya da safa.

 Wilfred ya ajiye sandarsa a cinya yana kallo.

Kusan rabin awa Alcide ya riƙe jirgin. Ya ratsa tsakanin itatuwa biyu, ya kewaye wani gungume da kififiya uku ke shan rana a kai, har ya fara jin daɗi. Wani lokaci sai ya ji ɗan kacau-kacau a ƙasa, ya ɗauka sabon injin ne. Sai ga babban kifi ya hau. Sanda ta lanƙwashe, zare ya yi kuka, Alcide ya manta da ƙafa, ya manta da suga, ya ja da baya taku ɗaya yana ihu, "Raga, Wilfred, kawo raga!" Feda ta karkata, injin ya kwashi goshin jirgi ya maka shi a jikin kututture. Zaren ya tsinke.

Ruwa ya lafa. Zalɓen can nesa ya tashi.

"Uku," in ji Wilfred. Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Amma ba ka tashi a banza ba, Yaya. Ɗaga ƙafarka ka ga kamun yau."

Alcide ya duba. Kifin roban nan mai launin azurfa yana maƙale a tafin ƙafarsa, ƙugiya biyu sun nutse ta cikin safa har gindi. Safar ta yi ja, fedar ta yi ja, ga sawun jini a kan dandamali, wani ya riga ya bushe ya yi baƙi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun wajen kififiyoyin nan."

"Kana gani?"

"Ni da ke baya, me nake da shi in ba kallo ba?" Wilfred ya taka zuwa goshi, ya tsaya yana jira a ba shi hanya. "Tun bikin Ista na san ƙafar nan ba ta ji. Na saka maka murfin kwalba a takalmi, bakinsa sama. Ka wuni da shi, har rawa ka yi da matar Nolton."

Alcide ya rarrafa da gwiwa zuwa baya, yana ɗage ƙafar, kifin roba yana reto yana kacau-kacau. Kujerar baya tana da rami daidai zaman Wilfred, bai dace da nasa ba.

"Ka kai ni asibiti. Likita ya ce ko ƙaya ce ta shiga, ana iya yanke ƙafar."

Wilfred ya ɗebi ruwa da hula ya wanke fedar, ya goge da hannun riga. Ya shafa tsagaggen kunnensa.

"Bari mu gama wannan layin tukuna. Kifi na ci." Ya ɗaura ƙugiya, ya ciji zare. "Ai ba ciwo take maka ba."

Alcide ya san maganar. Tasa ce, rabin farkon, ita ya faɗa ranar da fatsarsa ta tsaga kunnen nan, ba a canja ko kalma ɗaya ba.

"Da ka ɗauki na hannun nan," Wilfred ya ƙara, yana gyara tsayuwa, "wallahi da sai ka shekara goma a nan ban taɓa ka ba."

Injin ya yi ɗan gurnani, jirgi ya zame. Wilfred ya manna goshi da layin itatuwa, ya karkatar da bayan jirgin waje, can wajen buɗaɗɗen ruwa inda babu inuwa, babu kifi. Alcide ya kalli ƙafar ƙanensa a kan feda: diddige, yatsu, ɗan jinkiri, diddige. Ko kallon ƙasa ba ya yi. Har ɗan karkata gwiwar nan duk na Alcide ne.

Suka wuce ta ƙarƙashin firij ɗin da ke saƙale a reshe, bayan jirgin ya zo daidai ƙofarsa. Alcide ya ɗaga kai ya leƙa. Babu komai a ciki sai laka.